Wa aka yarda ya zama aikau? Sharhi a kan takardun zuriyar Ballard da littafin L. T. Ulrich (1990)

1. Gabatarwa

Littafin da za mu yi sharhi a kansa, A Midwife's Tale, wato labarin wata ungozoma, ya fito a New York a shekarar 1990, ya kuma ci kyautar Pulitzer ta fannin tarihi a 1991. Marubuciyarsa, Laurel Thatcher Ulrich, masaniyar tarihi ce, ba ta nazarin harshe ba. Ƙasar da take magana a kanta tana da nisa da mu: bakin kogin Kennebec, cikin jihar Maine ta arewa maso gabashin Amurka, a ƙarshen ƙarni na 18. Abin da ya sa muka kawo littafin cikin waɗannan takardu na sashe shi ne, da yawa daga cikin ɗalibai masu shirya kundin digiri suna aiki da tsofaffin takardu, kuma sukan ɗauke su tamkar rijiya wadda ake zura guga a ɗebo labari, ba tare da an tsaya an duba yadda aka gina jimlolinsu ba. Aikin Ulrich ya tara takardu iri-iri a kan gida ɗaya, don haka ya ba mu damar yin tambaya irin ta mai nahawu: a cikin kowace takarda, wa aka yarda ya zama aikau, wa aka mayar karɓau, wa kuma bai shiga jimlar ba sam?

2. Gidan Ballard a bakin hukuma

An haifi Martha Moore a garin Oxford na Massachusetts a 1735. Ta auri Ephraim Ballard a 1754, suka haifi ƴaƴa tara, uku daga cikinsu suka mutu a annobar mashaƙo ta 1769. A 1775 Ephraim ya tafi bakin Kennebec neman wurin zama, iyalinsa suka iske shi a garin Hallowell a 1777. A lokacin Maine yanki ne na Massachusetts, ba ta zama jiha mai cin gashin kanta ba sai a 1820. Hallowell kuwa tana cikin gundumar Lincoln har 1799, shekarar da aka yanke gundumar Kennebec. Da kalmar gunduma muke fassara abin da Faransanci ke kira comté, yankin mulki mai kotu da gidan kaso da ofishin ajiyar takardun filaye, wanda ya yi kusa da abin da muka sani a da da sunan arondisma. A 1797 aka raba Hallowell biyu, sashen da gidan Ballard yake ya zama Augusta, wadda ita ce babban birnin Maine a yau.

Idan mai bincike ya tsaya ga takardun wannan gunduma, mutum ɗaya zai gani a gidan, shi ne Ephraim. Yana da injin niƙa da na tsaga katako masu aiki da ruwa, kuma mai awon ƙasa ne. Ya yi wa wani kamfanin attajiran Boston aiki, waɗanda ake kira masu mallakar Kennebec, da ke da'awar cewa mil 15 a kowane gefen kogin nasu ne, bisa wata tsohuwar takarda ta ƙarni na 17. A taswirori da takardun filaye Ephraim ne ke auna, shi ke shata iyaka, shi ke sa hannu. A ƙidayar jama'a ta farko ta Amurka, ta 1790, sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida adadi ne cikin gidajen jadawali: maza ƴan shekara 16 zuwa sama, maza ƴan ƙasa da haka, mata. Sai a ƙidayar 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa. A littattafan bashi na ƴan kasuwa ma da sunan miji ake buɗe shafi, domin dokar da suka gada daga Ingila ba ta ba matar aure dukiya tata ta kanta ba.

Sau biyu Ephraim ya koma karɓau a cikin waɗannan takardu. A watan Nuwamba na 1795, yana cikin awo a daji, wasu mutane da bindigogi suka auka masa da dare suka ƙwace takardunsa da kayan awonsa. Manoma ne da suka sare daji suka zauna, ba su yarda ƙasar ta kamfani ba ce. Sa'an nan a watan Janairu na 1804, yana mai karɓar harajin gari, aka rufe shi gidan kaso saboda kuɗin da bai iya tarawa ba, yana tsoho ɗan kusan shekara 80. Ya yi wata 17 a can.

Wannan shi ne kayan da masu rubuta tarihin gari da na gunduma suka gada. Irin wannan rubutu ya bunƙasa ƙwarai a Amurka bayan 1876, lokacin da shugaba Grant ya yi shela yana kiran kowane gari da kowace gunduma su rubuta tarihinsu don bikin cika shekara ɗari da ƴancin kai. Kamfanonin ɗab'i suka mayar da abin sana'a: wakilai na bi gida-gida, wanda ya biya kuɗin littafi ya samu shafi na tarihin zuriyarsa, wanda ya ƙara kuɗi a sa hotonsa. Gundumar Kennebec ta samu nata babban kundi mai hotuna a 1892, ƙarƙashin kulawar Kingsbury da Deyo. Jimlar irin waɗannan littattafai sananniya ce: suna na namiji, aikatau na shuɗaɗɗen lokaci mai nuna aiki guda da aka yi sau ɗaya aka gama (ya zo, ya sare, ya gina, ya kafa), sai shekara. Wanda ya taɓa karanta rahotannin tarihin sarkal da kwamandojin mulkin mallaka suka bari a ƙasarmu zai gane wannan jimla, ko da yake a can mai biya da mai rubutu dabam suke.

3. Littafin kullum

A ranar 1 ga Janairu 1785, tana gab da cika shekara 50, Martha Ballard ta fara rubuta abin da ta yi kowace rana. Ba ta daina ba sai a watan Mayu na 1812, ƴan makonni kafin rasuwarta. Ulrich ta ƙirga kwana 9,965 da aka rubuta, da haihuwa 816 da Martha ta karɓa a cikin waɗannan shekaru 27. Takardun sun bi hannun mata: daga ƴarta Dolly zuwa jikoki, har suka kai ga Mary Hobart, likita, wadda ta ba da su ga ɗakin karatu na jihar Maine a 1930.

Ba Ulrich ce ta fara ganin su ba, kuma a nan ne labarin ya fi ba mu sha'awa. James W. North, wanda ya buga tarihin Augusta a 1870, ya ɗauki ƴan wurare kaɗan ya bar saura a matsayin abin da bai shafi jama'a ba. Charles E. Nash ya fi shi haƙuri: ya ba taƙaitaccen littafin Martha babban kaso a cikin nasa tarihin Augusta, wanda aka ɗab'a a 1904 amma ya zauna ba a ɗinke ba har 1961. Sai dai Nash ya bayyana ƙa'idarsa a fili, cewa ya zubar da abin da ke maimaita kansa domin ba shi da muhimmanci, ya kuma kauce wa abin da ya shafi kunyar gidaje. Mu lura da kyau: ƙa'idar tasa ƙa'ida ce ta nahawu ko da bai sani ba. Ya riƙe aikin da aka yi sau ɗaya, ya yar da aikin sabo. Da Hausa sai mu ce ya riƙe duk jimlar da za ta ɗauki «ya», ya jefar da duk wadda za ta ɗauki «takan». To, aikin mata a wancan gari kusan duka cikin «takan» yake: kaɗi, saƙa, wanki, shuka kabeji da wake, jinyar maƙwabta, wankan gawa, karɓar haihuwa. Wanda ya share maimaici ya share su, ba sai ya yi niyyar hakan ba.

Babbar gudummawar Ulrich, a ganinmu, ita ce ta karanta maimaicin a matsayin tsari. Ta yi abin da mai nazarin harshe ke yi da tarin bayanai: ta ƙirga, ta jera, ta duba abin da ke zuwa tare da me. Siffar shafin kanta ta taimaka mata. Martha ta ari tsarin kalandar manoma da na littafin ciniki: kwanan wata a gefen hagu, yanayin sama a farkon kowace rana, sa'an nan ayyuka, a gefe kuma taƙaitawa, haihuwar wane, kuɗi kaza, da alamar giciye biyu idan an biya. Kuɗin karɓar haihuwa da aka saba sule 6 ne, amma sau da yawa da hatsi ko yadi ko aikin yini ake biya. Da Ulrich ta bi waɗannan layuka shekara da shekaru sai ga wata kasuwa ta bayyana wadda babu ita a littattafan ƴan kasuwa: mata na musayar zare da yadi, suna ba juna aron ƴaƴa mata don aiki, suna riƙe lissafinsu dabam da na mazajensu. Ta nuna cewa shekarun da aikin ungozomancin Martha ya fi yawa su ne shekarun da ƴaƴanta mata da ƴar ƴar'uwarta ke gida suna kan masaƙa. Da suka yi aure suka tafi, aikin gida ya danne ta. Babu wata rana guda a cikin littafin da ta faɗi wannan. Jimillar ranakun ce ta faɗe shi.

Duk da haka kada a ɗauka Martha ta fita daga nahawun zamaninta. Mijinta ma da laƙabin girmamawa da sunan zuriya take ambatonsa, kamar baƙo. Gidan da ta je karɓar haihuwa da sunan maigida take kiransa, jaririn ma ɗan wane ne ko ƴar wane, domin uba ke biya. Aikatau ɗin da ta fi buɗe labarin aikinta da shi kuwa yana cikin siga wadda ke ɓoye mai aikin, wadda Hausa za ta fassara da «an kira ni». A sunaye, ke nan, littafinta ya yi daidai da takardun gunduma. A aikatau ne suka rabu: bayan «an kira ni» sai jerin ayyuka waɗanda ita ce aikau ɗinsu, ta haye kogi cikin kwalekwale ko a kan ƙanƙara (ba a gina gada ba sai 1797), ta kwana a zaune, ta haɗa magani, ta karɓi ɗa, ta karɓi kuɗinta.

Akwai wuri ɗaya da doka da kanta ta ba ta bakin magana. Wata tsohuwar dokar Massachusetts ta ƙarni na 17 ta ɗora wa ungozoma ta tambayi macen da ba ta da aure sunan uban ɗanta a tsakiyar naƙuda, bisa zaton cewa mace ba ta ƙarya a wannan hali. A watan Oktoba na 1791 wata budurwa, Sally Pierce, ta ambaci sunan Jonathan, ɗan Martha na cikinta. Martha ta rubuta shi kamar yadda ta rubuta na wasu, aka ɗaura auren bayan ƴan watanni. Daga cikin haihuwar fari 106 da Ulrich ta bi diddiginsu, 40 an ɗauki cikinsu kafin aure. Wannan adadi ba ya cikin kowane tarihin zuriya da aka biya kuɗi aka buga. Shi dai wannan Jonathan ne, lokacin da ubansa ke gidan kaso a 1804, ya kwaso iyalinsa ya shige gidan uwarsa ya bar mata ɗaki guda.

Babi na uku ya fi kowane nauyi. A 1789 Rebecca Foster, matar wani fasto da garin ya sallama, ta gaya wa Martha cewa wasu maza sun yi mata fyaɗe lokacin da mijinta ba ya nan, cikinsu har da alƙali Joseph North, ɗaya daga cikin manyan garin. An yi shari'a a Pownalborough a watan Yuli na 1790, aka wanke alƙalin. Abin da ya rage a takardun kotu ɗan kaɗan ne. Maganar matar, yadda ta faɗe ta, a littafin Martha ta tsira, domin da aka kira ta shaida sai ta zauna ta rubuta abin da ta tuna da tsawo, saɓanin al'adarta. Ulrich ba ta yanke hukuncin da kotu ba ta yanke ba, kuma mun yaba mata wannan. Ta dai ajiye takardun kusa da juna, har da littafin kullum na Henry Sewall, magatakardan gari, wanda ya rayu cikin shekaru ɗaya da Martha a gari ɗaya amma kusan ba ka ganin mace tana aiki a shafinsa.

4. Inda muke da ja

Ja na farko ƙarami ne. Littafin yana da babi goma, kowane yana buɗewa da wani yanki na rubutun Martha: Agusta 1787, Satumba 1788, Oktoba 1789, haka har Mayu 1809. Watannin na bin juna kamar shekara ɗaya ce, alhali shekara 22 ke tsakanin na farko da na ƙarshe. Dabara ce mai daɗin karatu, amma ita ma zaɓe ce, kuma kusan kowane wata an zaɓe shi ne domin wani abu ya faru a kusa da shi: annoba, shari'a, aure, ɗauri, kisan kai. Marubuciyar da ta zargi Nash da neman abin mamaki ta dawo ta rataya babobinta a kansa. Mai son ganin ranakun da ba abin da ya faru sai ya koma ga cikakken kwafin da Robert da Cynthia McCausland suka buga a 1992, ko hotunan shafukan da aka sa a intanet a shekarar 2000.

Ja na biyu na sana'armu ne. Ulrich ta bar rubutun kalmomi yadda Martha ta yi shi, ta ɗan sassauta gajerce-gajerce da alamomin tsayawa don mai karatu, amma ba ta ɗauki rubutun a matsayin shaida ba. Martha ba ta bi ƙa'idar rubutu ta makaranta ba, da kunne take rubutu, kuma kusan kwana dubu goma na rubutun kunne daga bakin mutum ɗaya dukiya ce ga mai nazarin karin harshe. Misali ɗaya ya isa. Kalmar Ingilishi ta «ɗiya», wadda ƙa'ida ke rubutawa da gh a tsakiya ba a furta shi, Martha takan rubuta ta dafter. Wannan f ba kuskure ba ne: tsohon sautin ganɗa da gh ke wakilta ya ɓace a wasu kalmomi, ya koma f a wasu, kamar a kalmar «dariya», kuma wasu kare-karen Ingila sun bi hanya ta biyu a wannan kalma. Rubutun Martha na nuna cewa furucin ya haye teku ya rayu a bakin wata mata da aka haifa a 1735. Duk editan da ya gyara mata wannan kalma ya yi wa tarihin harshe abin da Nash ya yi wa tarihin mata. Ulrich ba ta gyara ba, amma ta wuce ba ta tsaya ba, aikin na nan yana jiran mai yi.

Ja na uku shi ne babba, kuma ya shafi kalmar da duk waɗannan takardu suka yi tarayya a kanta, wadda ake fassarawa da «mazaunan farko». Tarihin gunduma da ita yake buɗewa, masu neman asalin zuriya ita suke nema, Ulrich kuma ta faɗaɗa ta har ta ɗauki mata amma ba ta tuhume ta sosai ba. Na farko a kan wa? Sunan kogin, Kennebec, kalmar Abenaki ce. Wurin da aka gina ganuwar Fort Western a 1754, inda Augusta take yanzu, sunansa Cushnoc, shi ma na Abenaki. Abenaki mutane ne masu harshe daga dangin Algonkiya, kuma babban ƙauyensu a kan wannan kogi, Norridgewock, sojojin Ingilishi na Massachusetts suka ƙone shi a watan Agusta na 1724, shekara 51 kafin zuwan Ephraim. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun koma Kanada, wajen Saint-François da Bécancour, inda zuriyarsu take har yau a Odanak da Wôlinak. Ƙidayar 1790 ta ware ƴan asalin ƙasa da ba sa biyan haraji, ba ta ƙirga su ba. A takardun gunduma sun koma sunayen wurare, wato bayanau na wuri, inda wani ya yi aikinsa.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Manoman da ke faɗa da kamfanin Boston sun ɗauki al'adar shiga irin ta ƴan asalin ƙasa, su rufe fuska, su yafa bargo, su canza murya suna kwaikwayon gurɓataccen Ingilishi, kafin su tare masu awo. Alan Taylor ya yi cikakken nazarin wannan rikici a wani littafi da ya fito shi ma a 1990. A watan Satumba na 1809 wasu masu irin wannan shiga suka harbe Paul Chadwick, mataimakin mai awo, a garin Malta kusa da Augusta. Aka gurfanar da su, aka sallame su. Ke nan sunan mutanen da aka kora ya dawo cikin jimla a matsayin aikau, amma fararen manoma ne ke sanye da shi. Ulrich ta ba da labarin 1809 a babinta na ƙarshe, ta kwatanta hayaniyar maza da lambun Martha, wanda ke ci gaba da tsiro ba ruwansa. Kwatancin ya yi kyau, sai dai lambun ma a kan wata ƙasa yake, kuma mijin mai lambun ne ya auna ta.

Za a iya cewa ba a tuhumar littafi da abin da tushensa bai ƙunsa ba, kuma gaskiya ne Martha ta zo bayan an gama. Amma hanyar Ulrich gaba ɗaya ita ce ajiye takarda kusa da takarda don a ga abin da kowace ta yi shiru a kansa, kuma akwai wata takarda ta wannan kogi wadda mu masu karatu da Faransanci muka fi kusa da ita. Fada Sébastien Rale, ɗan ɗariƙar Jezuwit daga Pontarlier a Faransa, ya zauna a Norridgewock kusan shekara 30, ya kuma fara tara ƙamus na Faransanci da Abenaki tun 1691. Sojojin Massachusetts sun ƙwace rubutun a wani hari na 1722, shi kuma aka kashe shi a harin 1724. Rubutun ya ƙare a ɗakin karatu na jami'ar Harvard, John Pickering ya buga shi a 1833. Ƙamus ne na ɗan mishan, da manufarsa da son zuciyarsa, kuma Faransanci ne ke jan ragamar kowace shigarwa. Amma harsunan Algonkiya harsuna ne da aikatau ke ɗauke da mai aiki a jikinsa, kuma Rale ya bi al'adar ƴan'uwansa ta ba da aikatau a sigar mai magana. Saboda haka shafi bayan shafi, a gefen Abenaki, wanda ke cewa «ina yi» mutumin Norridgewock ne.